Sunana a Bangon Hamadu

Tun da na dawo daga Garwa aka hana ni sakat a ɗakin malamai. Wannan ya ce, "Malam Sabo, da gaske burodinsu ya kai tsawon sanda?" Wancan ya ce, "Ka ga dorina a kogi?" Malam Iliya mai koyar da tarihi kuwa, da yake ya san ni ciki da bai, cewa ya yi, "Ni ba burodi nake tambaya ba. Ka tafi kana huci, ka dawo ka yi laƙwas. Me aka yi maka?" To ga shi zan rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta ya shafa mini lafiya.

Sai na fara da dalilin tafiyar, don ba yawon buɗe ido na je ba. Shekara ashirin da shida ina koyar da fiziks a Jimeta, kuma ba yabon kai ba, duk wanda ya bi ta hannuna ya san hanyar cin jarrabawa. Hamadu abokina ne tun muna kwaleji. Daga Garwa iyayensa suka turo shi karatu Najeriya, muka zauna ɗaki ɗaya shekara uku, daga baya na auri ƙanwarsa Hajara. A lissafi Hamadu bai kama ƙafata ba. Littafina yake ɗauka ya kwafa, har kuskurena yake kwafewa. Ya koma gida ya zama malamin fiziks kamar ni, amma duk wanda ya zo daga can sai ka ji yana "Farfesa Hamadu ya ce, Farfesa Hamadu ya yi." Na daɗe ina haɗiye wannan.

Abin da na kasa haɗiyewa shi ne Habiba. 'Yata ce ta fari, kuma a duk ɗaliban da na koyar ban ga mai kaifinta ba. Wata rana da rana muna cin abinci farantin tangaran ya suɓuce mata ya tarwatse. Ta tsaya tana kallon gutsattsarin, ta ce, "Baba, ka ce dokokin motsi ba su bambanta gaba da baya ba. To me ya sa faranti yake fashewa amma ba ya taɓa haɗuwa da kansa? Me ya sa lokaci gaba kawai yake yi?" Na ce, "Wannan ba ya fitowa a jarrabawa. Ɗauko tsintsiya." Ta ɗauko ta share. Daga ranar ba ta sake tambayata komai ba sai abin da ke cikin manhaja. Sauran tambayoyinta ta waya take tura wa kawunta. Ina zaune a tsakar gida sai in jiyo muryarsa daga ɗakinta yana bayani, ita kuma tana dariya irin wadda ba ta yi da ni. Da ta gama sakandare ta ce tana so ta yi shekara guda a wurinsa kafin jami'a, ta koyi Faransanci, ta zauna a majalisarsa. Uwarta ta goyi baya. Na ce sai na je na gani da idona. Gaskiyar magana, aibu na tafi nema, don in dawo in ce a'a da hujja. Har wani lissafi mai wuya na rubuta na soke a aljihu, wanda na san Hamadu ba zai iya ba.

Na fito bayan sallar asuba na shiga wata tsohuwar mota mai zuwa kan iyaka. Mu tara ne a wurin mutum biyar, ban da buhunan omo da katan-katan na taliya da aka ɗaure a sama. Kusa da ni wata 'yar kasuwa ce, Hajiya Dudu, wadda ta ce wannan hanya ta fi sanin ramukanta a kan sunayen jikokinta. Ita ta koya mini cewa da zarar an tsallaka kada in ce wa kowa "ofisa", in ce "shef", kuma kada in yi gardama da Turanci don ba wanda zai burge. Sau biyu muka sauka muka tura motar. A karo na biyu takalmina ya maƙale a laka, na ciro ƙafa na bar shi, sai da direba ya tono mini shi da ƙarfen taya.

A kan iyaka aka nemi katin rigakafin shawara. Na lalube aljihu kaf ban gani ba. Ina shirin roƙo sai Hajiya Dudu ta ce, "Malam, duba cikin jakar da matarka ta haɗa maka. Mata ba sa mantuwa irin wannan." Yana nan kuwa, cikin leda, tare da yajin da Hajara ta aika wa matar yayanta. Jandarman da ke rubutu, wani dogo baƙi mai fara'a, ya tambayi sana'ata. Na ce malamin makaranta. Ya rubuta yana cewa, "Profesa." Na ce a'a, sakandare nake koyarwa. Hajiya Dudu ta yi dariya ta ce ai a nan duk malamin sakandare haka ake ce masa. Wallahi wani sanyi na ji ya ratsa ni. Ashe farfesancin da ya shekara ashirin yana ci mini tuwo a ƙwarya, ni ma ina da irinsa ban sani ba.

Murnar ba ta yi nisa ba. Jandarman ya tambayi wurin wa za ni, na faɗi sunan Hamadu da unguwarsu. Sai ya ajiye biro. "Mishe Hamadu na fizik? Malamina ne!" Ya miƙe ya ba ni hannu biyu, ya juya harshe zuwa Hausarsu ta kasuwa. "Ni ma sunana yana bango. Na tambaya, in duniya tana faɗaɗa, cikin mene ne take faɗaɗa? Kai wace tambaya ka kawo masa?" Ban gane zancen bango ba, kuma girman kai ya hana ni tambaya. Na dai taɓa takardar da ke aljihuna na ce na kawo. Ɗalibaina da suka zama jami'ai suna gaishe ni in mun haɗu, ba na musu, amma ban taɓa ganin wanda ya ajiye aikinsa don ya faɗa mini abin da bai sani ba yana murna.

Daga nan babur ne, sai wata motar, muka shiga Garwa rana tsaka. Ku da kuke kukan zafin Yola, ku je can ku gode wa Allah. Garin ya yi tsit, shaguna da yawa a rufe, wai kowa ya tafi cin abinci da hutawa sai rana ta yi sanyi. Na yi niyyar ba zan sauka gidan Hamadu ba, don kada cin abincinsa ya ɗaure mini baki. Mai babur ya kai ni wani masauki da suke ce wa obaj, fankarsa tana juyi kamar mai jin barci. Ban yi awa biyu ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Adda Mairamu ce, matar Hamadu, Hajara ta riga ta buga mata waya. Ko zama ba ta yi ba. "Baban Habiba, mu za ka kunyata a garin nan? Mijin ƙanwarmu a obaj kamar direban tirela? Ɗauko jakarka." Na ɗauko na bi ta kamar ɗan makaranta.

Hamadu ya yi furfura ya ƙara ƙiba, amma dariyar tana nan. Ya rungume ni yana kirana da sunan da ya laƙaba mini a kwaleji, wai Alƙalami. Aka kawo tuwon masara da miyar yakuwa da suke kira folere, mai tsami da gyaɗa, da kifin da aka kamo a Binuwai da safen nan. Na so in sami abin kushewa a miyar, na rasa, na ƙara. Muna ci wata ɗaliba ta shigo da gudu tana ɗaga takarda, gidan ya kaure da guɗa. Na leƙa na ga sha huɗu. Ashe su a kan ashirin suke ba da maki, kuma sha huɗu abin a yi walima ne, ashirin ɗin kuwa Hamadu ya ce ba a bai wa kowa. Na ce mu a wurinmu yaro yana cin ɗari bisa ɗari. Ya ce, "To in ya ci ɗari, me ya rage masa ya nema?" Na yi kamar ƙashin kifi ya tsaya mini. Ya kuma gaya mini cewa a ajin ƙarshe na sakandarensu har ɗan kimiyya sai ya yi darasin falsafa, a ba shi tambaya guda ya yi awa huɗu yana juya ta. Na ce a raina, shi ya sa ba ku iya lissafi ba.

Washegari Asabar, da hantsi, aka yi majalisar da Habiba take mafarki. Wata rumfar kwano ce a bayan gidan, da allo, da benci shida, da wani dogon bango da aka shafe da farar ƙasa, ya cika da rubutu tun daga sama har kusan ƙasa. Na zaci 'yan makaranta kawai zan gani. Suna nan kam, amma ga wani tsohon Modibbo mai makarantar allo a unguwar, ga Madam Marta ma'aikaciyar jinya, Kirista 'yar duwatsun arewa, ga wani bakanike da hannunsa duk baƙin mai. Magana tana yawo tsakanin Fulatanci da Faransanci, in an tuna da ni a jefo Hausa.

Hamadu bai buɗe littafi ba. Dutse ya ɗauka da 'yar tsakuwa, ya hau benci ya sake su tare, suka faɗi tare. Ya ce kusan shekara dubu biyu masu ilimi suna cewa mai nauyi ne ke riga sauka, saboda wani babban malamin Girka ya faɗa, kuma kunyar girmansa ta hana a gwada da kyau. Ya ce an daɗe ana cewa haske daga ido yake fita ya taɓa abu, sai da wani malamin ƙasar Larabawa ya zauna a ɗaki mai duhu ya huda rami ya nuna akasin haka. Modibbo ya gyara zama ya ce, "Namu ne wannan." Aka yi dariya. Ya ce akwai lokacin da wasu masana suka ɗauka fiziks ya kusa ƙarewa, saura 'yan gyare-gyare, sai 'yan gyare-gyaren suka rushe ginin. Yau kuma, in ji shi, muna da doka ɗaya mai aiki a kan taurari, da wata mai aiki a kan ƙwayar zarra, kowacce daidai take a gidanta, amma an rasa mai sulhunta su. Kuma duk abin da muke gani da ido da na'ura ɗan kaɗan ne daga abin da ke sararin sama, sauran an raɗa masa suna ne kawai ba a san ko mene ne ba. Duk wannan na san shi. Abin da ya ƙona ni shi ne yadda bakaniken nan ya saki baki yana saurare, wayarsa tana ƙara a aljihu bai ko taɓa ta ba.

Da aka ce ko akwai mai magana, na miƙe na zaro takardata. Na ce ga ɗan lissafi daga Najeriya, a taimaka. Dutse ne yake gangarowa a kan tudu yana jan wani ta igiya, da gogayya, da komai. Hamadu ya karɓi alli ya fara. Layi na huɗu ya tsaya. Ya goge, ya sake, ya sake tsayawa. Zuciyata har wani tsalle take. Sai ya juyo yana dariya ya ce, "Jama'a, na maƙale. Amma ga wanda na kwafi littafinsa shekara uku. Alƙalami, zo ka fitar da ni." Na karɓi allin na warware shi tsaf cikin minti biyar, aka tafa mini. Na duba fuskokinsu ina neman inda darajar Hamadu ta ragu, ban ga ko ɗaya ba. Shi ya fi kowa tafi.

Ina shirin zama Modibbo ya ɗaga hannu. Hausarsa tsaf, ta malamai. "Malam, gafarta. Na ga a wani wuri ka soke nauyin dutsen a dama, ka soke shi a hagu, ka ce sun cinye juna. Na dama ka ce shi ne yadda ƙasa take jan dutsen. Na hagu ka ce shi ne yadda dutsen yake ƙin a motsa shi. To ai abu biyu ne. Me ya sa suka zo daidai wa daida?" Na ce haka aka auna aka samu. Ya ce, "Na yarda an auna. Dalilin nake tambaya." Kafin in yi tunani bakina ya riga ni. Na ce, "Wannan ba ya fitowa a jarrabawa." Madam Marta ta fassara wa na kusa da ita, aka yi wata 'yar dariya, ba ta raini ba, irin wadda ake yi wa baƙon da ya sha ruwan wanke hannu. Modibbo ya ce, "Ni shekarata saba'in da biyu, Malam. Jarrabawar da ta rage mini ba wannan ba ce."

Hamadu ya shiga tsakani. Ya ce akwai babban nazarin da aka gina a kan ɗaukar cewa abu biyun nan ɗaya ne, kuma yana aiki, amma ko wannan ya amsa "me ya sa" ko ya sake wa tambayar wuri ne kawai, shi dai bai sani ba. Haka ya faɗa a gaban ɗalibansa, har sau biyu, da Faransanci da Fulatanci. Sai rumfar ta ɗauki tafi, aka miƙa wa Modibbo gawayi. A nan na gane zancen jandarma. Al'adar majalisar ke nan: duk wanda ya yi tambayar da aka rasa amsarta, shi zai rubuta ta a bango da hannunsa ya sa sunansa, kuma shi ake fara miƙa wa kofin shayi. Modibbo ya rubuta tasa da ajami, ya karɓi shayinsa yana murmushi. Ni da na warware lissafi na sha a layi na biyu.

Ana shan shayi na matsa kusa da bangon, don in ɓoye fuskata. Yawancin rubutun da Faransanci ne, ba na ganewa. Can sama, a layin farko, inda gawayin ya dushe aka sake bin sa, na ga suna: Sabo. Na ɗauka wani Sabon ne. Na kira Madam Marta na ce ta karanta mini. Ta ce, "Wannan ai ita ce uwar bango. Mishe ya ce wani abokinsa ne ya yi ta suna samari. Wai in dokokin motsi ba su san gaba da baya ba, me ya sa tulu yake fashewa ba ya haɗuwa?" Ta dube ni. "Kai ne?"

Wallahi na manta. Sai a lokacin abin ya dawo mini: ajinmu na shekarar farko a kwaleji, malami yana cewa in aka ɗauki hoton bidiyon lilo yana kaiwa da komowa aka juya shi baya, doka ba ta karye ba. Na ɗaga hannu na yi tambayar tulu. Ya ce saboda hargitsi kullum ƙaruwa yake. Na ce to me ya sa duniya ta fara a shirye, har hargitsin ya sami wurin ƙaruwa? Ya ce, "Wannan ba ya fitowa a jarrabawa. Zauna." Aji ya kwashe da dariya, na zauna, kuma ban sake ɗaga hannu a kan irin wannan ba. Madam Marta ta sunkuya ta nuna mini wani layi sabo a can ƙasa, da rubutun Hamadu. Ba sai ta fassara ba. Na ga sunan Habiba, na ga kuma an ja kibiya doguwa daga nata har zuwa nawa.

Da la'asar Hamadu ya ɗauke ni a babur zuwa bakin kogi, wurin mata masu gasa kifi. Masu tambayar dorina, na ga kunnuwa biyu da hanci a tsakiyar ruwa, an ce ita ce. Na kasa cin kifin. Na ce, "Hamadu, ka sace mini tambaya, yanzu kuma za ka sace mini 'ya." Da wasa na so in faɗa, amma ba da wasa ta fito ba. Ya cire ƙaya daga kifinsa. Ya ce, "Tambayar a ƙasa ka yar da ita, na tsinta. Ni ban taɓa yin irinta da kaina ba, Sabo. Shekara talatin ina jin haushin kan nan naka. Ka ga yau ma a gaban yara na kasa abin da ka yi a minti biyar." Na ce to me Habiba take nema wurinka? Ya ce, "Wanda zai ce mata bai sani ba. Shi kaɗai nake da shi. In ta zo nan ma lissafin sai ta dawo wurinka."

Kada ku ɗauka wannan magana ta wanke mini zuciya. Har na hau motar dawowa ina jin zafinsa, ina ƙirga mutanen da suka zo sallama da ni saboda shi. Adda Mairamu ta cika mini jaka da busasshen kifi da burodin nan, wanda tsawonsa ya kai kamu biyu, kuma kafin mu iso kan iyaka ya bushe ya zama abin dukan jaki. Jandarman nan yana bakin aiki. Ya ce, "Profesa, ka shiga bango?" Na ce na tarar da kaina a ciki.

Na iso gida da yamma. Habiba ta karɓi jakata, ta kawo ruwa, ta tsaya daga gefe ba ta tambayi komai ba. Na zaro katin rigakafina na nuna mata. Na ce, "Ranar Litinin ki je asibiti a yi miki irin wannan. Ba sa barin mutum ya tsallaka sai da shi." Ta rufe baki da hannu, uwarta ta saki guɗa daga kicin. Na ce ta zauna, ban gama ba. Tun daga Garwa nake shirya maganar a mota, amma da na zo faɗa sai ta yi mini nauyi kamar dutsen niƙa. Na ce, "Tambayar da kika yi mini ranar da faranti ya fashe. Ban san amsarta ba. Ba wanda ya sani. Kuma ni ma na taɓa yin ta, ina kamar shekarunki."

Ta sunkuyar da kai tana murmushi. Ta ce, "Na sani, Baba. Kawu ya gaya mini tun bara. Jira nake ka faɗa da kanka."

Malam Iliya, ka tambayi abin da aka yi mini. To ka ji. Har wannan ma sai da Hamadu ya riga ni.